Mutumin da Ya Soke Sunaye: Frank Carpenter da Sana'ar Karanta Fiffike a Dutse

A gidan adana halittu na Jami'ar Harvard da ke Amurka akwai wani ɓallin dutse mai ɗauke da fiffike guda ɗaya, tsawonsa santimita 28, kusan tsawon rular ɗan makaranta. Fiffiken wani ƙwaro ne mai kama da mazari, wanda ya rayu kimanin shekara miliyan 280 da suka wuce. An tono shi a jihar Oklahoma a 1940, Frank Morton Carpenter ya yi bayaninsa a 1947. Shekara takwas kafin nan, a 1939, Carpenter ɗin ya riga ya raɗa wa wani ɗan'uwan wannan ƙwaro suna Meganeuropsis permiana, daga guntayen da aka samo a Kansas, ya kuma ƙiyasta cewa in ya buɗe fukafukansa za su kai santimita 71, kamar na tattabara. Har yau ba a sami ƙwaron da ya fi shi faɗin fiffike ba. Da wannan akasari ake tuna Carpenter, domin abu ne mai cika ido, mai daɗin ba da labari. Amma a ganina ƙaton fiffiken nan shi ne ƙaramin abin da ya bari. Babban aikinsa, wanda ya ci masa shekara sittin da ɗoriya, shi ne komawa kan duwatsun da magabata suka riga suka duba suka yanke hukunci, ya sake dubawa, ya soke sunayen da ba su da tushe, ya kuma ƙi kiran wani ƙwaro kakan wani sai da hujja. Sana'ar nazarin ƙwarin da suka zama dutse ta fi cin gajiyar irin wannan gyara a kan sabon tono, kuma tarihinta shi ne shaida.

Sai an san wahalar sana'ar kafin a gane dalili. Ƙwaro ba shi da ƙashi. In ya mutu, kafin a jima tururuwa ta kwashe shi, ko ya ruɓe, ko iska ta watsa shi. Ba ya barin sawu sai ya faɗa cikin tafki marar motsi, laka mai laushi ko tokar dutsen wuta ta rufe shi da sauri, ko kuwa ya maƙale a ƙaron itace, ƙaron ya daskare ya daɗe a binne. Ko a hakan ma, galibi jikin yakan tafi, fiffike kaɗai ke saura, domin shi ba shi da naman da wani zai ci. Saboda haka mai wannan sana'a makarancin fiffike ne. Jijiyoyin da ke shimfiɗe a fiffike suna da tsari, kowane gida na ƙwari da nasa, kamar yadda ake gane asalin mutum a da ta tsagar fuskarsa. A 1898 da 1899 John Henry Comstock da James Needham na Jami'ar Cornell suka fito da tsarin ba kowace babbar jijiya suna, ta yadda za a iya gwada fiffiken ƙuda da na fara. Bayan haka aka ƙara lura cewa fiffiken tsofaffin ƙwari ba shafal yake ba, yana da tudu da kwari kamar kwanon rufi: wata jijiya tana bisa tudu, mai bi mata tana cikin kwari. Wanda ya riƙe dutsen a hannunsa ya karkata shi ga haske zai ga wannan. Wanda ya dogara da zanen da wani ya buga a littafi ba zai gani ba. Kurakurai da yawa na sana'ar daga nan suka fito.

Ƙarni na 19 zamanin tarawa ne. A Commentry, wani garin haƙar kwal a tsakiyar Faransa, ma'aikata sun riƙa cin karo da fukafukai a cikin duwatsun da ke lulluɓe da kwal ɗin, masu shekara kimanin miliyan 300. Injiniyan wurin, Henri Fayol, wanda daga baya duniya ta san shi da rubutu kan tafiyar da ma'aikata, ya sa ana ajiye su. Suka isa hannun Charles Brongniart a Paris, wanda ya raɗa wa wani ƙwaro daga cikinsu sunan Meganeura a 1885, ya fitar da babban littafinsa a 1893, ya rasu a 1899 yana da shekara 40 kacal. A Amurka kuma Samuel Scudder yana fama da dubban samfura daga Florissant ta jihar Kolorado, inda tokar dutsen wuta ta binne wani tafki shekara miliyan 34 da suka wuce. Sai Anton Handlirsch na birnin Biyana ya tattara duk abin da aka sani cikin littafi guda tsakanin 1906 da 1908. Aiki ne na ban mamaki, ba kuma wanda zai raina shi, amma yana da ciwo biyu. Handlirsch ya yawaita raɗa sababbin sunaye a kan guntayen da ba su isa a gane komai da su ba, wasu ma daga zanen wasu ya san su. Sannan yana da zumuɗin neman kakanni. Ya ɗauki wani ɓataccen rukuni mai suna Palaeodictyoptera ya ce su ne tushen duk ƙwarin da ke tashi, ya kuma jawo asalinsu daga wasu tsofaffin halittun teku. Tun daga nan kalmar Girkanci "proto", mai ma'anar na farko, ta zama abin liƙa wa duk fiffiken da ya yi kama da na wani ƙwaro mai rai.

Wanda ya kai wannan ɗabi'a ƙololuwa mutum ne mai baiwa ƙwarai, Robin John Tillyard. Haifaffen Ingila ne, malamin lissafi da ya koma Ostireliya, ya zama gwanin mazari, har ya shugabanci binciken ƙwari na gwamnatin ƙasar. Labarin ya haɗa shi da wani ƙaramin ƙauye a Kansas mai suna Elmo. A can, cikin wani siririn shimfiɗin farin dutse, Elias Sellards ya gano fukafukan zamanin Permiyan, wato zamanin ƙaton fiffiken nan na Harvard, a wajen ƙarshen ƙarni na 19. Dutsen yana da laushin ƙwaya ta yadda har zanen launin fiffike yake fita, kamar ratsin da ke fiffiken wani ƙwaro da aka kira Dunbaria. A 1921 Carl Dunbar na Jami'ar Yale ya tono kimanin samfuri 2,000, aka aika wa Tillyard, shi kuwa ya shiga fitar da maƙaloli ɗaya bayan ɗaya daga 1924 har rasuwarsa a haɗarin mota a 1937. A cikinsu ya ga wasu siraran fukafukai masu ƙarancin jijiya, ya kira su Protohymenoptera, ma'ana kakannin rina da zanzaro da ƙudan zuma da tururuwa. Daga Ostireliya kuma ya sami wani fiffike mai tauri, ya kira gidansa Protocoleoptera, kakannin buzuzu da danginsa. Da hakan ta tabbata, da an rufe manyan giɓi biyu a tarihin ƙwari cikin 'yan shekaru.

Carpenter ɗan Boston ne, an haife shi a 1902. Tun yana ɗan makaranta ya ga hoton wani malam-buɗe-littafi na Florissant, Prodryas persephone, a wani littafin Scudder, abin ya shiga ransa bai fita ba. Allah da ikonsa, wannan dutsen ma yana cikin kayan da daga baya aka damƙa masa kulawa da su a Harvard. Ya yi digirinsa na uku a 1929 a hannun William Morton Wheeler, babban masanin tururuwa, a kan tururuwar da ta zama dutse a Arewacin Amurka. Tun yana ɗalibi ya soma zuwa Elmo yana fasa dutse da kansa, ya koma sau da dama, ya tara dubbai. Da waɗannan sababbin samfura ne, a 1930, yana ɗan shekara 28, ya tunkari hukuncin Tillyard. Ya bi jijiyoyin ɗaya bayan ɗaya, ya nuna an karanta su a karkace, kuma Protohymenoptera ba su da haɗi da rina. 'Yan gidan Megasecoptera ne, ƙwarin da ba su iya naɗe fiffike a bayansu, waɗanda suka ƙare tun a zamanin Permiyan ba su bar baya ba. Ƙarancin jijiya ne ya sa suka yi kama da rina, kama da wane kuwa ba ta wane. Kakannin buzuzun na Tillyard su ma daga baya an cire su daga wannan matsayi. Ainihin tsofaffin dangin rina ba su bayyana ba sai a duwatsun da suka biyo baya da shekaru miliyoyi, na zamanin Tirayasik, a Ostireliya da Madigen ta ƙasar Kirgistan. Ya kamata a lura da abin da ya faru a nan: Carpenter bai kawo wani sabon kaka a madadin na Tillyard ba. Ya sake buɗe giɓin da aka rufe da ƙarya, ya bar shi a buɗe. Ɗan shekara 28 da ke neman suna ba kasafai yake zaɓen haka ba.

Wannan ce hanyar da ya bi har tsufansa. Jerin maƙalolinsa kan ƙwarin Kansas ya faro a 1930 bai tsaya ba sai a 1976. Ya koma kan duwatsun Brongniart da ke Paris, ya sake zana su daga asali, ya yi ta buga gyare-gyare tun daga 1943. Ya riƙe mujallar Psyche fiye da shekara 40, a cikinta ne kuma Jarmila Kukalová, masaniya daga Cekosulobakiya, ta buga sabon nazarin Palaeodictyoptera na Commentry a 1969 da 1970. Abin da sake dubawa ya tabbatar ya rushe ginin Handlirsch daga tushe. Ƙwarin da aka ce su ne kakannin kowa, ashe suna da dogon baki mai tsini na huda tsiro da tsotse ruwansa. Baki ne da ya riga ya ƙware a kan sana'a ɗaya, ba irin wanda bakin fara mai tauna zai fito daga cikinsa ba. Reshe ne da ya yi zamaninsa, ya cika dazuzzukan kwal, ya bushe. Carpenter kansa, in zai ba da tarihin ƙwari a taƙaice, yakan tsaya ga matakai huɗu da duwatsu da rayayyun ƙwari suka yarda da su: marasa fiffike, sai masu fiffiken da ba ya naɗuwa kamar mazari, sai masu naɗe shi a baya kamar kyankyaso, abin da ya ba su damar shiga ƙarƙashin ɓawo da cikin rami, sai kuma masu rikiɗa daga tsutsa zuwa babba kamar ƙuda da malam-buɗe-littafi, waɗanda su ne mafi rinjaye a yau. Bai ƙara wa wannan tsari ado ba.

A ɗaya gefen duniya ana wani aikin da ya fi nasa yawan hannaye. Andrei Martynov, wanda tun a shekarun 1920 ya raba ƙwari masu tashi gida biyu bisa iya naɗe fiffike, ya kafa sashen nazarin waɗannan ƙwari a cibiyar binciken burbushin halittu ta Tarayyar Sobiyet. Bayan rasuwarsa a 1938 Boris Rohdendorf ya gaje shi, daga baya Alexandr Rasnitsyn ya ɗauki tutar. Suna da ƙasa mai faɗi da ma'aikata da yawa, sun tono Karatau ta Kazakistan da Saberiya da Mongoliya, sun rubuta dubban nau'o'i da Rashanci, harshen da masana kaɗan na Yamma ke karantawa. Babban littafin da Rohdendorf ya shirya a 1962 bai fito da Turanci ba sai 1991. Da aka ɗora wa Carpenter rubuta kashin ƙwari na babban kundin burbushin halittu marasa ƙashin baya da ake bugawa a Kansas, dole ya bi duk wannan, jinsi bayan jinsi. Aikin ya ɗauke shi shekaru gommai. Ya fito a 1992, juzu'i biyu, shafi fiye da 600, marubucin yana da shekara 90, saura shekara biyu ya rasu. Manyan rukunan ɓatattun ƙwari da masana suka raɗa wa suna a tsawon ƙarni sun kai kimanin 50. A littafin Carpenter waɗanda suka tsira ba su wuce 10 ba. Guntayen da ba za a iya sanin gidansu ba kuwa, ya jera su a ƙarƙashin kalma ɗaya: ba a tabbatar ba.

Akwai suka mai nauyi a kan wannan aiki, bai kuma kamata a rage mata ƙarfi ba. Masu sukar suna cewa rage sunaye ba shi ne fahimta ba. Ɗaya daga cikin rukunan da Carpenter ya bari, Protorthoptera, buhu ne da ya zuba duk wani tsohon fiffike mai naɗuwa da ya rasa inda zai sa shi, alhali waɗanda ke ciki ba 'yan uwa ɗaya ba ne. Sun ƙara da cewa ya juya wa sabuwar hanyar Willi Hennig baya. Hennig Bajamushe ne, masanin ƙudaje, wanda tun 1950 ya koyar cewa ba a haɗa halittu gida ɗaya don sun yi tarayya a tsohuwar siffa, sai don sun yi tarayya a sabuwar siffar da suka gada daga kaka guda. A wannan ma'auni Protorthoptera ba gida ba ne sam. Kuma littafin ya tsaya a kan abin da aka buga zuwa 1983, don haka ranar da ya fito ya riga ya tsufa da shekara tara. Duk wannan gaskiya ne. Hanyar Hennig ce ta yi nasara, kuma tun farkon wannan ƙarni masana irin su Olivier Béthoux da André Nel a Paris suke zazzage buhun nan suna raba abin da ke ciki. Amma a duba da me suke yin haka. Da komawa kan ainihin dutsen suke yi, da bin tudu da kwarin jijiya, da ƙin yarda da tsohon zane, wato da ɗabi'ar Carpenter. Hanyar Hennig hanyar lissafa dangantaka ce daga siffofi. In siffar da aka zuba mata ƙarya ce, in an karanta jijiya a karkace kamar yadda Tillyard ya yi, za ta fitar da bishiyar dangantaka mai kyan gani wadda ba ta da gaskiya. Sannan akwai bambanci tsakanin buhun da aka san buhu ne da suna 40 da kowannensu ke da'awar shi gida ne na gaskiya. Na farko yana gaya wa na baya inda aiki ya rage. Na biyu yana ɓoye masa.

Wani kuma zai ce taka-tsantsan ba ya gano komai, sai dai ya hana kuskure. Abin da ya faru a 1966 ya amsa wannan. Wani dattijo mai sha'awar tsintar duwatsu, Edmund Frey, da matarsa suka sami wani ɗan daskararren ƙaro a gaɓar teku a jihar New Jersey, da ƙwari biyu a ciki. Ya bi hannu zuwa hannu har ya iso ga Carpenter, shi kuwa ya kira tsohon ɗalibinsa Edward O. Wilson da William Brown. A 1967 su ukun suka bayyana Sphecomyrma freyi, tururuwa mai shekara kimanin miliyan 90, ta farko da aka samu daga zamanin manyan ƙadangarun nan da suka ƙare. Tana da siririn ƙugun tururuwa da wani ƙullin da ke gefen ƙirji wanda tururuwa kaɗai ke da shi, amma muƙamuƙinta gajere ne mai haƙori biyu irin na rina. Ga mutumin da ya soke kakannin rina na ƙarya yana saurayi, ga shi yana sa hannu a kan halittar da ke tsakanin rina da tururuwa yana dattijo. Bambancin shi ne wannan karon jikin yana nan cikakke, kowa na iya dubawa, kuma da aka yi jayayya a kai, sababbin samfura daga New Jersey a shekarun 1990 sun tabbatar da ƙullin. Haka kuma manyan tambayoyi ba sa amsuwa sai da tsabtataccen jeri. A 1993 Conrad Labandeira da Jack Sepkoski suka ƙirga dangi 1,263 na ƙwari a tsawon tarihi, suna jingina da rubutun Rashawa da irin aikin Carpenter. Suka ga yaɗuwar ƙwari ta soma tun kafin tsire-tsire masu fure su mamaye duniya, kuma sirrin yawansu shi ne danginsu ba su cika ƙarewa ba, in ban da babbar halakar ƙarshen Permiyan. Lissafi irin wannan ba ya yiwuwa in dangi ɗaya yana ɗauke da suna uku. A 2012 Matthew Clapham da Jered Karr suka auna fiffike fiye da 10,500, suka ga girman ƙwari yana hawa da sauka tare da yawan iskar oksijin, har zuwa kimanin shekara miliyan 150 da suka wuce, lokacin da tsuntsaye suka bayyana, daga nan girman ya daina bin iskar. Ƙaton fiffiken Harvard ya sami ma'anarsa ne a cikin wannan dogon jeri.

Sukar da ta fi yawa a yau daga ɗakin gwajin ƙwayoyin gado take fitowa: tunda ana iya karanta dangantakar ƙwari daga jikin rayayyu, mene ne amfanin tsugunawa kan tsohon dutse? Babban binciken da Bernhard Misof da abokan aikinsa suka buga a 2014 ya gwada ƙwayar gado 1,478, ya ƙiyasta cewa ƙwari sun samo asali kimanin shekara miliyan 479 da suka wuce, tashi sama kuma kimanin miliyan 406. To amma ƙwayar gado tana faɗin wa ya fi kusa da wa ne, ba ta ɗauke da kalanda. Don su mayar da rassan bishiyar zuwa shekaru, sai da suka kafa ta a kan burbushi 37 da aka tantance. In ɗaya daga cikinsu an sa shi a gidan da ba nasa ba, agogon duka ya karkace. Bayan haka, ƙwayar gado ba ta san waɗanda suka ƙare ba. Palaeodictyoptera da danginsu, waɗanda suka kai kusan rabin nau'o'in ƙwarin da aka sani daga zamaninsu, ba su bar jika ko ɗaya da za a ɗebi jininsa ba. Da rayayyu kaɗai aka tambaya, da ba wanda zai san an taɓa yin su.

Mai karatu a ƙasar Hausa yana da nasa misali, wanda ya san cizonsa. Ƙudan tsando, mai kawo ciwon barci ga mutum da sammore ga shanu, wanda saboda shi aka tashi ƙauyuka a yankin Anchau aka gina Takalafiya a zamanin Turawa, a yau ana ɗaukarsa ɗan Afirka ne tsantsa. Amma a duwatsun Florissant akwai shi. Scudder ya bayyana samfurin a 1892, sai dai ya ɗauke shi wani irin ƙuda dabam, ya raɗa masa sabon suna. Shekara 15 bayan haka Theodore Cockerell ya sake dubawa, ya gane Glossina ne, jinsin tsando. An kuma samu wani a Enspel ta Jamus mai shekara kimanin miliyan 25. Ke nan ƙudan ya taɓa zama a nahiyoyi uku, ya ɓace daga biyu bayan yanayinsu ya sanyaya. Iyakar da muke ganin tsando yana tsayawa a kanta ba dawwamammiya ba ce, ta taɓa motsawa da nisa. Wannan sani ya kwana shekara 15 a cikin aljihun tebur a ƙarƙashin sunan da ba nasa ba, kuma abin da ya fito da shi ido na biyu ne.

Afirka ita kanta ba a tona ta sosai ba ta wannan fuska. Akwai ramin lu'ulu'u na Orapa a Botsuwana, inda tsohon tafkin bakin dutsen wuta ya adana ƙwari masu shekara kimanin miliyan 90, akwai duwatsun Molteno a Afirka ta Kudu. A 2010 aka sanar da daskararren ƙaro daga Habasha, aka ce ya kai shekara miliyan 95, abin da zai sa tururuwar da ke ciki ta shiga sahun mafi tsufa a duniya. Da aka sami ƙarin samfura, aka ga tururuwar irin jinsunan da ke raye ne yanzu, aka sake auna shekarun, suka dawo ƙasa da miliyan 23.

Tsohon abokin jayayyar Carpenter ma ya bar wata wasiyya da har yanzu ake juyawa. A 1928 Tillyard ya duba wani ɗan guntun kai a cikin ƙanƙarar dutsen Rhynie ta Sikotilan, mai shekara fiye da miliyan 400, ya kira shi Rhyniognatha hirsti, bai ce komai mai yawa a kansa ba. Ya zauna a gidan tarihin halittu na Landan shekara 76. A 2004 Michael Engel da David Grimaldi suka sa shi a sabon madubin ƙara girma, suka ce muƙamuƙinsa irin na ƙwari masu fiffike ne, don haka shi ne ƙwaro mafi tsufa da aka sani, wataƙila ma yana tashi. Littattafai suka ɗauka. A 2017 Carolin Haug da Joachim Haug suka sake ɗaukar hotonsa daki-daki, suka ce ya fi kama da kan shanshani. In nasu ne daidai, shaidar tashi mafi tsufa da ke hannu ta koma kan fiffike irin na Delitzschala, wanda ya fito daga ramin haƙa a Jamus, mai shekara kimanin miliyan 325, da jijiyoyinsa cikakku da zanen launinsa, shekara miliyan 80 bayan lokacin da ƙwayoyin gado suka ce an fara tashi.